Baƙon da Yankari ke jira yana nan cikin gida

Duk sanda aka buɗe taro kan yawon buɗe ido a ɗaya daga cikin jihohinmu na Arewa, jawabin kusan ɗaya ne: za a jawo Turawa, za a samu dala, za a gina katafaren otal. Ana watsewa sai a koma gidan jiya. A ganina tun daga nan lissafin ya karkace. Ƙasashe irin su Ingila da Amurka sun daɗe suna gargaɗin mutanensu kan zuwa yawancin jihohin Arewa, kuma ba jawabin taro ne zai sa su janye ba. Mutumin da zai iya cika ɗakunan Yankari a bana yana Kano, yana Gombe, yana Azare da Potiskum da Jos. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya huɗu da ya samu hutun Sallah, ko shugaban makaranta mai neman inda zai kai ɗalibai, ko ango da amarya da ba su da kuɗin Dubai. Wannan baƙon ne ya kamata a gyara wuraren dominsa, shi kuma ya kamata ya san yadda ake zuwa, don sau da yawa rashin sanin ne ke sa ya dawo yana cewa ba komai a can.

Yankari ce babban misali, shi ya sa zan daɗe a kanta. Gandun dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a watan Disamba na 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. A ciki akwai garken giwaye da ke cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya, an ƙiyasta su tsakanin 100 da 150. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo, akwai dorina da kada a kogin Gaji, akwai kuma 'yan zakuna ƙalilan da ganinsu sai an yi babbar sa'a. Ga ruwan Wikki, wanda ke ɓulɓulowa daga gindin dutse da ɗumin da bai cika sauyawa daga digiri 31 ba, rani da damina, dare da rana, yana zubar da lita kusan miliyan 21 kullum zuwa kogin Gaji. Ruwan garai-garai ne, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi.

Kuskure na farko da iyalai ke yi shi ne na lokaci. Dogon hutun makarantu yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wato tsakiyar damina. A lokacin ciyawa ta fi mutum tsayi, kowane kwari ya cika da ruwa, dabbobi sun bazu cikin daji ba abin da zai kawo su bakin hanya, wasu hanyoyin ma mota ba ta iya bi saboda taɓo. Wanda ya je a Agusta zai sha wanka a Wikki, amma da wuya ya ga giwa. Lokacin ganin namun daji shi ne daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, kwarin Gaji ya zama kusan shi kaɗai ne mashaya. Hutun Disamba ya fi daɗi ga yara da tsofaffi, don hunturu ne, ruwan Wikki kuma a lokacin ne ake jin ɗuminsa sosai. Maris da Afrilu sun fi ba da damar ganin dabbobi, sai dai zafi kan kai digiri 40. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa ne a waɗannan watanni, saboda haka hutunta ya dace da tafiyar, in an yi shirin zafin.

Daga garin Bauchi zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, kusan kilomita 110 ne. Ana bin titin Gombe zuwa Dindima, a karya dama zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Abin da mutane da yawa ba sa sakawa a lissafi shi ne, daga ƙofar zuwa sansanin akwai sauran kilomita sama da 40 a cikin daji tsantsa. Don haka a bar Bauchi da azahar ko kafin nan, a shiga ƙofa kafin la'asar ta yi sanyi. Mai tasowa daga Kano yana da kusan kilomita 300 a gabansa ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi kafin ya kai Bauchi, gara ya fita bayan asuba ko ya kwana a Bauchi. A cika tanki a cikin gari, a duba safaya da jak, kada a dogara da samun mai ko bakanike bayan an bar babban titi. A riƙe tsabar kuɗi, don sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin daji, kuma in ya ɗauke, tura kuɗi ta waya ya tsaya. A kira a tabbatar da ɗaki da farashinsa kwana biyu ko uku kafin tafiya, musamman a makon Sallah da ƙarshen shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan da za a ɗauka ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Ruwan sha aƙalla lita uku ga kowane mutum a rana in da zafi ne. Tocila da batirin cajin waya, saboda wutar sansani ba kullum take kwana ba. Gidan sauro ko man shafawa na korar sauro. Tufafi masu dogon hannu, launin ƙasa ko toka-toka, a guji baƙi da shuɗi mai duhu, don su ne ke jawo ƙudan tsando da ke kwarin Gaji, cizonsa kuwa yana ratsa riga mara kauri. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na sukari ya ɗauko isasshe, asibiti yana da nisa.

Sai batun gwaggon biri. A sansanin Wikki sun saba da mutane har sun daina tsoro. Babban namiji zai zauna a gefen hanya kamar bai damu da kowa ba, idonsa na kan ledar da ke hannun yaro. Da zarar yaron ya rabu da manya da taku biyar, sai ya taso a guje ya fizge ledar, ya koma gefe ya yage ta da haƙori yana zaɓar abin da yake so. Sun san tura ƙofar da ba a kulle ba, sun san shiga ta tagar mota. Maganinsu shi ne a kulle ƙofa da taga ko da fitar minti biyu za a yi, a sa abinci cikin jakar da ke rufe, kada a ci a fili, kada kuma a ba su komai da sunan tausayi. Masu miƙa musu ayaba don ɗaukar hoto su ne suka koya musu wannan hali, wanda ya zo bayansu ke biyan bashin.

Shiga daji kallon dabbobi ana yin sa ne da sassafe ko da la'asar, tare da jagora, cikin motar gandun ko motar mutum in mai ƙarfi ce. Da rana tsaka dabbobi suna kwance a inuwa. A nan ne yawancin ziyarar makarantu ke lalacewa: a taso da safe, a iso ƙarfe goma sha biyu, a zaga daji cikin rana, a yi wanka, a juya gida. Yara sun ga birai da mugun dawa kawai, iyaye sun biya kuɗi, kowa ya dawo yana cewa dabbobin Yankari sun ƙare. Kwana biyu shi ne mafi ƙaranci, don a samu fita uku ko huɗu. A cikin mota a yi shiru, a kashe kiɗa, kada a sauka sai jagora ya ce a sauka, kada kuma a matsa wa direba ya kusanci giwa mai ɗa. A Wikki kuwa, wajen gindin dutsen zurfin ya kusa mita biyu, can ƙasa ne ruwan ke zama iya gwiwa. Yaron da bai iya ruwa ba wurinsa ƙasa ne, da babba a tsaye kusa da shi. Makarantar da ta kai ɗalibai arba'in da malami ɗaya ta ɗauki kasadar da ba ta da hujja, malami ɗaya ga yara goma shi ne daidai.

Mutane da yawa ba su ma san Yankari wurin tarihi ce ba. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, akwai rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari da ke haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, akwai kufan matoyar tama inda aka narka ƙarfe. Sai wanda ya tambaya ake kaiwa, alhali su ne ya kamata ɗalibin tarihi ya fara gani.

To me ya rage wa hukuma? A ganina abubuwan da ke korar iyali daga irin waɗannan wurare ƙanana ne, kuma ƙanƙantarsu ce ke sa a raina su. Famfon da ba ruwa, banɗakin da ba a wanke ba, motar shiga daji da ta kwanta don rashin wani ƙarfe ɗaya, lambar wayar da ba a ɗauka, farashin da ba a rubuta a ƙofa ba sai abin da bakin mai karɓa ya faɗa. Dalilin da ya sa ake fama da su a wuraren gwamnati sananne ne. Sabon gini yana da kwangila da bikin buɗewa da hoto a jarida, gyaran famfo ba shi da ko ɗaya, shi ya sa ake samun kuɗin gini a rasa na kula. Abin da nake ganin ya dace shi ne a bar wani kaso tsayayye na kuɗin ƙofa a hannun masu gudanar da wurin don gyaran yau da kullum, a riƙa bayyana abin da ya shigo da abin da aka kashe. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da makanike ɗaya mai kayan gyara a ajiye sun fi wa baƙo amfani a kan sabon zauren taro.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a taro ba, amma kowane magidanci ya san shi. Matarsa da 'ya'yansa mata ba za su shiga ruwa cikin maza ba. Suna zaune a kan matakala da hijabansu suna kallo, an biya musu kuɗin shiga, su koma gida ba su taɓa Wikki ba. Ware wa mata sa'o'i biyu kullum, da ma'aikaciya mace a bakin ruwa da ɗakin sauya kaya mai ƙofa, ba ya cin ko sisin kwabo na kirki, kuma zai sa uwar gida da kanta ta ce a koma baɗi. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san in ta ce a koma, an koma. Haka jagora mai bayani da Hausa, wanda zai ce wa yaro wancan gwanki ne, wannan sawun ɓauna ne, ga yadda ake bambance kashin giwa na jiya da na yau.

Dabbobin su ma ba a banza suke rayuwa ba. Masu gadin daji ne ke kwana a ciki suna fuskantar mafarauta masu bindiga da masu shigo da shanu kiwo, wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shafe shekaru tana aiki da gwamnatin Bauchi kan sintiri, amma albashi a kan kari da takalmi da guzurin mai gadi nauyin gwamnati ne. Sannan manomin da giwa ta cinye masa gona a dare ɗaya ba zai so giwa don an ce masa dukiyar ƙasa ce ba. Zai haƙura da ita in ɗansa na aiki a sansani, in ana sayen kajinsa da zumarsa, in ƙauyensu ya samu rijiya daga kuɗin ƙofa.

Wuraren tarihi na cikin birane ciwonsu daban ne, ciwon ginin ƙasa. A Kano mutum zai iya hawa Dala da sassafe, matakala 101, ya ga birni a shimfiɗe, ya sauko ya shiga Kurmi, ya wuce Gidan Makama da ke tsaye tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya ƙare a marinar Ƙofar Mata, duk a wuni ɗaya, da kuɗin adaidaita sahu. A Katsina ga hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina, a Daura ga rijiyar Kusugu. Sai dai mafi yawan waɗannan da tubali aka gina su, ginin tubali kuma yana son a shafe shi kamar yadda jiki ke son mai. Kowace damina tana wanke wani abu daga yaɓen. In indararo ya toshe ko ya karye, ruwan soro sai ya bi bango, ya yi masa kwari, ya kai ga azara, gara ta samu danshi ta shiga. Magina na da sun san maganin: a sabunta yaɓe kafin ruwan farko, a shafe da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufin soro kuma a yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. Abin da ɗan kwangila ke yi yau shi ne ya lulluɓe bangon ƙasa da siminti. Shekara ɗaya ko biyu abin ya yi kyau, alhali danshi na taruwa a bayan simintin ba hanyar fita, wata rana sai fale-falen ya ɓalle ya faɗo da rabin bangon.

Badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, ta shiga jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya a 2007. Duk da haka an ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka filaye a jikinta, an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Abin da ya tafi ya tafi, amma sassan da suka rage za su iya tsayawa in aka shata musu iyaka a doka aka kuma ɗauki magina na gargajiya aiki na dindindin. A duba Agadas a Nijar. Hasumiyar masallacinta ta ƙasa ce zalla, tsayinta mita 27, itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan da magina ke hawa su sabunta yaɓe, kuma tsohon birnin ya shiga jerin UNESCO a 2013. Ƙasar gininsu ba ta fi tamu ƙarfi ba, hannun da ke shafa ta ne bai ɗauke ba. In Sarkin Magina da yaransa ba su da aikin yi, nan da shekara ashirin ba za a samu wanda ya iya ɗaurin guga, wato rufin soro na gargajiya mai baka, ba, ko da kuɗin gyaran ya samu.

Na san abin da wani zai ce: ana fama da tsadar abinci da 'yan bindiga, wa ke ta hutu? Maganar tsaro gaskiya ce, kuma ba zan shawarci kowa ya kai iyalinsa inda ba a tabbatar ba. Dajin Kamuku na Birnin Gwari da yankin Kainji ba wurin kai yara ba ne a halin da ake ciki. Sukur, tsohuwar masarautar nan ta kan dutse a jihar Adamawa, wurin farko a Nijeriya da UNESCO ta amince da shi a 1999, Boko Haram ta kai mata hari a 2014, zuwa can sai da shawarar mutanen yankin. Ko Yankari ma a tambayi mutanen Bauchi halin da hanya ke ciki a makon tafiya, a yi tafiyar da rana, kada a tallata ranar tashi a Facebook. Amma dajin da baƙi da ma'aikata suka ƙaurace wa shi ne ɓarayi ke mayarwa gida, mun ga haka a dazuzzuka da dama na Arewa maso Yamma. Maganar tsada kuma, gidaje uku za su iya haɗa kuɗi su ɗauki bas ɗaya, su tafi da dambun nama da garin kwaki da soyayyen miya, su raba kuɗin jagora. Abin da ake kashewa a ankon biki ɗaya ya isa.

Wanda ma Yankari ta yi masa nisa yana da abin gani kusa. A Birnin Kudu, kan hanyar nan ta Kano zuwa Bauchi, akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen zamanin da suka zana shanu da jan launi a jikin dutse, zanen yana nan har yau. Motoci na wucewa ta garin dare da rana, mafi yawan fasinjojin ba su taɓa jin labarinsa ba. Allo ɗaya babba a bakin titi da Hausa da Turanci, da mai gadi mai albashi wanda zai hana yara rubuta sunayensu da gawayi a kan zanen, da rumfar da baƙo zai zauna ya sha ruwa, ƙaramar hukuma ma za ta iya yin su kafin hutun Disamba mai zuwa.